Dutse Mai Siffar Katantanwa a Bakin Gongola: Tambayoyi da Amsoshi kan Burbushin Halittun Da

Duk shekara idan damina ta wuce, ruwan Gongola ya janye, kwaruruwa suka bushe, sai tambayoyi iri ɗaya su riƙa fitowa daga bakin masu ɗiban yashi, manoman fadama, makiyaya, masu haƙar rijiya da 'yan makaranta. Wani ya tsinci guntun dutse mai zane, wani mai kama da haƙori, wani kuma ice ne a ido amma nauyinsa na dutse. Waɗanda aka fi maimaitawa ne aka tattara a nan.

Na tsinci dutse a bakin kogi mai siffar katantanwa. Mutum ne ya sassaƙa shi?

In dai a wajejen Ashaka, Bajoga, Pindiga, Kumo ko Deba ka same shi, da wuya a ce aikin hannu ne. Burbushin halitta ne. Wata dabba ce ta rayu a ruwa, ta mutu, laka ta rufe ta kafin ta watse, wata lakar ta hau kan wannan, har nauyi da daɗewa suka mai da lakar dutse. Naman ya ruɓe tun farko. Abin da kan saura shi ne sassa masu tauri: ɓawo, haƙori, ƙashi.

Su ma ba kullum suke saura yadda suke ba. Wani lokaci ɓawon ne da kansa. Wani lokaci ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sauya shi da ma'adini sannu a hankali, siffar tana nan amma jikin ya zama wani abu. Abin da aka fi samu a ƙasar Gombe kuwa shi ne na uku: laka ta cika cikin ɓawon ta daskare, ɓawon ya narke ya tafi, sai aka bar maka siffar cikinsa. Shi ya sa za ka ga abu mai siffar dabba sak, amma launinsa da jikinsa iri ɗaya da dutsen da ke kewaye da shi.

Ina Gombe ina teku? Ta yaya dabbar ruwan gishiri za ta zo nan?

Dabbar ba ta yi tafiya ba, tekun ne ya zo. Lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, ƙasa ta tsage ta lotsa tun daga wajen da Neja Dalta take a yau har zuwa arewa maso gabas. Wannan doguwar lotsawa ita masana ke kira Kwarin Binuwai, kuma reshensa na arewa shi ne Kwarin Gongola, inda mafi yawan jihar Gombe take zaune. Da farko koguna ne suka riƙa zuba yashi a ciki. Wannan yashin ne ya zama dutsen yashi na Bima, wanda aka sa wa suna daga Dutsen Bima da ke kusa da Dadin Kowa.

Daga baya, wajen shekaru miliyan 95 zuwa 90 da suka wuce, ruwan tekunan duniya ya yi tashin da ba kasafai ake ganin irinsa ba. Ruwa ya shigo daga kudu ta kwarin, ya kuma gangaro daga arewa ta inda Sahara take yanzu, har suka haɗe. Teku ne mai ɗumi, marar zurfi sosai, cike da kawa (dabbar ruwa mai ɓawo biyu, irin kumba), dodon koɗi da kifaye. Ɓawonsu ne ya taru ya zama dutsen da kamfanin siminti na Ashaka ke fasawa tun 1979. Duk buhun simintin Ashaka da ka taɓa ɗauka, asalinsa ƙasan wancan tekun ne.

To me ya sa mu a garin Bauchi ba ma ganin irin wannan?

Domin duwatsun garin Bauchi ba a cikin ruwa suka kwanta ba. Narkakken dutse ne da ya huce a can cikin ƙasa, tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru kafin zuwan tekun, kuma ba abin da ke rayuwa a cikin narkakken dutse. Akwai ma wani irin dutse mai duhu da masana suka sa wa suna bauchite saboda a nan aka fara bayyana shi. Haka Toro da Dass da Ningi suke. Sai ka nausa gabas, wajen Alkaleri da Kirfi da Darazo, sannan ka hau kan duwatsu masu hawa-hawa. Su ɗin ma yawanci yashi da yumɓu ne na shimfiɗar da masana ke kira Kerri-Kerri, waɗanda koguna da tafkuna suka ajiye bayan tekun ya janye, don haka ba za ka sami dabbobin teku a samansu ba.

Idan a kan falalen dutse a Bauchi ka tsinci abinka, fara da karanta amsar da ke kan abubuwan da ke yaudarar ido.

Guntu ne kawai na samu, ba cikakke ba. Ana iya gane shi?

Sosai kuwa, kuma yawancin abin da ake tsinta guntaye ne. Wanke shi da ruwa zalla, ka fita da shi rana da safe ko da yamma lokacin da haske ke zuwa ta gefe, ka juya shi a hankali. Abu na farko da za ka nema shi ne tsari mai maimaituwa: layuka masu tazara iri ɗaya, ƙulle-ƙulle a jere, ko lanƙwasar da za ka ga cewa da ta ci gaba da ta zagayo. Dutse zalla ba ya yawan yin haka.

In guntun lanƙwasasshe ne, mai kauri a baki ɗaya da siranta a ɗaya, to mai yiwuwa amonait ce, wadda ita ce sarauniyar burbushin Gombe. Dabba ce mai naɗaɗɗen ɓawo, dangin oktofas mai hannuwa takwas, kuma 'yar'uwarta mai ɓawo da ake kira notilas tana nan da rai a tekunan gabashin Indiya da Fasifik. Cikin ɓawonta ɗaki-ɗaki ne, dabbar tana zaune a na ƙarshe, sauran kuma tana amfani da su wajen daidaita nutsewa da tasowa. Inda bangon kowane ɗaki ya haɗu da ɓawon waje, yakan bar wani zane mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar zanen lalle. Ganin wannan zanen a kan guntu, ko da bai fi girman babban yatsa ba, ya isa shaida. Wani lokaci ma guntun kan karye daidai kan bangon ɗakin, sai ka ga bakinsa da tudu da kwari masu santsi, mutane su ɗauka ƙashin baya ne na wata dabba.

Amonait ɗin wannan yanki sanannu ne a duniyar masana. Tun 1911 Henry Woods ya bayyana wasunsu a cikin littafin J. D. Falconer kan duwatsun Arewacin Najeriya. A shekarun 1950 Richard Reyment ya raɗa wa wasu jinsuna Gombeoceras da Bauchioceras, ko da yake masanan baya sun haɗe su da wasu jinsunan. Wanda aka fi cin karo da shi a Ashaka shi ne dangin Vascoceras, mai kumburi da santsi, har wani kan ɗauka dunƙulallen dutsen kogi ne sai ya lura da ramin cibiyar da ke tsakiya. Sauran abubuwan da guntunsu ke da sauƙin ganewa su ne kawa, mai ɓawo falle-falle da kauri, da bushiyar teku, 'yar dunƙule mai zanen tauraro mai hannu biyar a bayanta, da haƙorin kifi, mai sheƙi da santsi fiye da duk abin da ke kusa da shi.

Yaya zan bambanta amonait da dodon koɗi? Kuma in na yau ne fa?

Aza shi a tafin hannu. Amonait naɗinta a kwance yake, gefen dama da na hagu iri ɗaya ne. Dodon koɗi naɗinsa hawa yake yi zuwa tsini, kuma cikinsa rami ɗaya ne, babu ɗakuna, don haka babu zanen da aka ambata a sama.

Batun na yau kuwa, Gongola cike yake da kumba da katantanwa masu rai, kuma ɓawonsu kan yi fari fat idan ya sha rana. Na yau ba shi da nauyi, siriri ne, cikinsa fanko ko yashin da ke zubewa in ka girgiza, wani ma da sauran ƙyalli a ciki. Na da cikinsa dutse ne da ba ya fita. Amonait dai babu ta yau ko kaɗan, domin sun ƙare ƙaf shekaru miliyan 66 da suka wuce.

Abin ya yi mini kama da ƙashi. Ta yaya zan san ba na saniya ba ne?

Gaskiya, mafi yawan ƙasusuwan bakin kogi na shanu ne da awaki da jakuna, kuma ruwa da laka kan rina su su yi baƙi cikin 'yan shekaru, don haka launi ba hujja ba ne. Fara tabbatar da cewa ƙashi ne: dubi inda ya karye, za ka ga bayan mai santsi da tauri, cikin kuma da ƙananan ramuka birjik. Sannan ka auna shi a hannu. Wanda ya zama dutse ya fi ƙashin mahauta mai girmansa nauyi nesa ba kusa ba, ramukan sun cike da ma'adini, kuma in ka ƙwanƙwasa shi da cokali zai yi ƙara irin ta tangaran. Akwai kuma gwajin allura: ka gasa ta ta yi ja, ka taɓa wani lungu da ita. Sabon ƙashi zai yi ƙaurin gashi, na dutse ba zai yi komai ba.

Za ka ji ana cewa a lasa, in ya kama harshe ƙashi ne. Akwai gaskiya a ciki, amma kada ka sa abin da ka tsinta a bakin kogi a bakinka. Jiƙa yatsa ka danna, ya wadatar. In kuma ka ga alamar ƙashin mutum ne, kada ka ɗauka, kada ka tona. Sanar da mai unguwa da 'yan sanda.

Na ga gungumen ice amma dutse ne. Hakan na yiwuwa?

Yana yiwuwa, kuma an san dutsen yashi na Bima da shi. Itatuwa ne da ambaliyar kogunan da ta binne cikin yashi, ruwa mai ɗauke da sinadarin silika ya ratsa su har ya maye gurbin icen. Za ka ga jijiyoyin icen a miƙe, wani lokaci da gurbin reshe. Yana da tauri ƙwarai: wuƙa ba ta kama shi, shi kuwa yana karce gilashi. Kada a rikita shi da kwal ɗin Maiganga a ƙaramar hukumar Akko. Shi ma daga tsirrai yake, amma na fadamun da suka biyo bayan tekun, baƙi ne, marar nauyi, yana kuma ɓata hannu.

Waɗanne abubuwa ne ke yaudarar ido?

Suna da yawa, kuma ba abin kunya ba ne, har ɗaliban jami'a suna faɗawa. Na farko dunƙulen da ke girma cikin laka, zagayayye ko mai siffar ƙwai, wanda ake yawan kawowa da sunan ƙwan wata dabba. In ya tsage ma'adini ya cike tsagar, sai bayansa ya yi kama da ƙoƙon kunkuru. Na biyu baƙin zane mai rassa a fuskar dutse, wanda kowa zai rantse ganye ne, alhali ma'adinin manganis ne ya bi tsaga ya bazu. Ganyen gaske yana da jijiya ta tsakiya da gefe mai iyaka, wannan kuwa rassa ne kawai. Marmara ma kan yi ramuka da bututu har ta yi kama da ƙashi. A lakar Pindiga da Nafada akwai jifsam, mai haske da falle-falle, wanda farce ke karcewa.

Akwai kuma abin da hannun mutum ya yi: tsingaro mai zane, kashin maƙera daga tsofaffin wuraren narka tama, da gatarin aradu, wanda ba daga sama ya faɗo ba, gatarin dutse ne da mutanen da suka wasa. Waɗannan ba burbushin halitta ba ne, amma suna da daraja tasu, kuma akwai doka a kansu, kamar yadda ya zo a amsar da ke kan sayarwa.

An ce a ɗiga lemun tsami. Me gwajin ke nunawa?

Yana nuna irin dutsen ne kawai. Karce ɗan wuri a bayan dutsen, nesa da zanen, ka ɗiga ruwan lemun tsami ko ruwan kal a kan garin. In ya yi 'yan ƙananan kumfa, dutsen siminti ne irin wanda ake fasawa a Ashaka, wato mai yiwuwa daga shimfiɗar tekun nan ya fito, kuma hakan na ƙarfafa zaton dabbar teku ce. In bai yi ba, yana iya zama dutsen yashi, marmara ko icen da ya zama dutse. Ɗauraye wurin nan take. Kada ka jiƙa abin gaba ɗaya a ciki, kuma kada ka kusanci ruwan batir, domin zai cinye zanen ya kuma ƙona maka hannu.

Me ya sa kowa ke tambayata inda na tsince shi? Ba abin da kansa ne ke da muhimmanci ba?

Ga masani, wurin ne rabin amsa. Duwatsun kwarin nan hawa-hawa suke, na ƙasa ya girmi na sama, kuma kowane hawa da irin halittunsa. Amonait da aka ciro daga hawan da aka sani tana faɗin shekarun hawan, tana nuna zurfin ruwan, tana kuma ba da damar gwada shi da na Nijar ko Tunisiya inda ake samun danginta. Da irin wannan karatun hawa-hawa ne ake bin sawun man fetur, har da na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe, wanda aka ƙaddamar a Nuwamban 2022. Wadda aka ajiye a aljihu aka manta inda ta fito kuwa ta zama abin ado kawai, kuma wannan asara ce da ba ta gyaruwa.

Abin bakin kogi yana da tasa matsalar. Gongola ya taso daga tsaunukan Filato, ya ratsa Bauchi, ya yi kwana a Nafada, ya gangaro Dadin Kowa kafin ya faɗa Binuwai a Numan, yana kwaso duwatsu iri-iri a hanya. Don haka ka duba gefunan guntun. In sun goge sun yi sumul, ya yi tafiya. In suna da kaifi, ko da sauran laka ko dutse manne da shi, mahaifarsa na kusa: ɗaga kai ka dubi gaɓar da ke samanka ko ƙoramar da ke shigowa, sau da yawa za ka ga 'yan'uwansa a jere cikin bango. Ka yi hakan da rani, domin gaɓa kan rufta da damina. A Dadin Kowa kuma a kula da dorina.

Wa ya ƙirga waɗannan miliyoyin shekaru? Ba ruwan ɗufana ne ya kawo su ba?

Ana auna shekarun ne daga wasu sinadarai, irin su yuraniyom, da ke rikiɗewa zuwa wani abu da saurin da aka sani. Ana samun su a tokar aman wuta da ta kwanta tsakanin hawan duwatsu a wurare da dama na duniya. In an auna tokar da ke sama da ƙasan wani hawa mai wata irin amonait, to duk inda aka sake ganin irinta an san zamaninta. Gwajin kabon da ake ji a rediyo ba ya aiki a nan, iyakarsa wajen shekaru 50,000.

Game da ɗufana, abin da dutsen ke nunawa shi ne ruwa ya daɗe a nan ƙwarai: akwai kawa da suka girma a kan ɓawon iyayensu hawa bayan hawa, akwai ramukan da ƙananan dabbobi suka haƙa suka zauna a ciki, sannan babu ƙashin mutum ko na dabbar gida ko ɗaya a cikin waɗannan hawan. Tafsirin nassi na malamai ne, a kai musu. Sai dai yana da kyau a san cewa tun ƙarni na 11 Albiruni da Ibn Sina suka rubuta cewa ɓawon dabbobin ruwa da ake samu a tudu shaida ce ta cewa wurin ya taɓa zama teku.

Ko zai yiwu dainoso na samu?

Zamaninsu ɗaya da waɗannan duwatsun, amma dainoso, wata dabba mai kama da ƙaton ƙadangare da ta ƙare tun zamanin da, dabbar tudu ce, dutsen Ashaka da Pindiga kuwa na teku ne, don haka kifi, kunkuru ko kada sun fi kusa. Shahararrun dainoso na yankinmu daga Gadufawa suke a hamadar Nijar, inda aka tono Nigersaurus da Ouranosaurus da ƙaton kadan nan Sarcosuchus. A Najeriya, wajen Goronyo a jihar Sakkwato ne aka sami Goronyosaurus, wanda shi ma ƙadangaren teku ne, ba dainoso ba. Babban ƙashi mai nauyin dutse da ke maƙale cikin dutsen yashi na Bima abu ne da ya cancanci a kira masana tun kafin a motsa shi.

Yana da kuɗi? Ana magani da shi?

Guntun amonait ko kawa ba shi da wani kuɗin kirki, domin irinsu sun cika kasuwannin duniya daga Maroko da Madagaska. Duk wanda ya ce akwai Bature mai jiran sa da miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji, ɗan damfara ne. In ka ga ƙyalli ruwan ɗorawa a jiki, yawanci wani ma'adini ne mai kama da zinariya da ake kira fairait, ba zinariya ba. Magani kuma babu a ciki, dutse ne, kada a daka a sha.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, saboda haka haƙa don kasuwanci sai da lasisi. Kayan tarihi irin su gatarin aradu da tsofaffin tukwane suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979, kuma ba a fitar da su waje sai da izininta. Ramin Ashaka filin kamfani ne da ake fasa dutse da nakiya, ba a shiga sai da izini.

Yaya zan adana shi, kuma wa zan nuna wa?

Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa ga mai tauri. Wanda ke cikin laka mai ɓarewa kada ruwa ya taɓa shi, zai narke a hannunka, busasshen buroshi kawai. Kada a shafa mai, fenti ko banish, kada a goge da sanfefa, kada kuma a fasa don ganin ciki. In ya karye, naɗe kowane ɓari daban a takarda. Rubuta sunan ƙauyen, sunan kogin ko kwarin, ranar, da ko a kwance cikin yashi yake ko a bango, ka sa takardar tare da shi a leda ɗaya. In wayarka na nuna lambobin wuri a taswira, kwafe su.

Ɗauki hoto a hasken rana: sama, ƙasa, gefe, da inda ya karye, da rula ko murfin biro a kusa don a ga girma, sannan hoton wurin da kansa. Da waɗannan za ka je sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Jihar Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ko hukumar binciken ƙasa ta tarayya, NGSA. Ɗan makaranta ya fara da malamin labarin ƙasa, shi zai san hanyar da za a bi. In abin babba ne kuma yana cikin bango, hoton kawai za ka kai, ka bar shi inda yake har su zo su gani.